Miliyan Goma da Ƙidaya Ba Ta San da Su Ba: Wa Ke Lissafin Masu Ganin Saƙonka a Soshiyal Midiya?

A watan Satumban 2017 wani mai nazarin harkar talla a Amurka, Brian Wieser na kamfanin Pivotal Research, ya buɗe shafin da Facebook ya tanadar wa masu sayen talla. Ya zaɓi ƙasar Amurka, ya zaɓi matasa 'yan shekara 18 zuwa 24. Nan take shafin ya nuna masa cewa tallansa zai iya kaiwa ga mutum miliyan 41. Da ya leƙa alƙaluman hukumar ƙidayar jama'a ta ƙasar, sai ya tarar duk masu waɗannan shekaru a Amurka, da masu waya da marasa ita, miliyan 31 ne. Ya sake gwadawa da 'yan shekara 25 zuwa 34: Facebook ya ce miliyan 60, ƙidaya ta ce miliyan 45. Makonni kaɗan kafin nan mujallar AdNews ta Ostireliya ta ci karo da irin wannan giɓi a tata ƙasar.

Facebook bai ƙaryata alƙaluman ba. Cewa ya yi ƙiyasinsa ba ƙidayar jama'a ba ne, kuma ba a tsara shi don ya zo daidai da ita ba. Ya dogara ne da shekarun da mutane suka rubuta da hannunsu, da wurin da wayoyinsu suka nuna suna ciki, har da baƙi masu wucewa. Akwai gaskiya a amsar, domin yaro ɗan shekara 12 kan rubuta 20 don a bar shi ya buɗe shafi, mutum ɗaya kuma kan mallaki akawun biyu ko uku. Sai dai amsar ce kuma ta tona abin da ke ƙasa: lambar da ake nuna wa mai talla da sunan mutane, akawun take ƙirgawa. Shi kuwa akawun ba ya sayen atamfa, ba ya kaɗa ƙuri'a.

Rigimar ta masu talla a Amurka ce, amma lambar da ake rigima a kanta tana nan cikin wayoyinmu. Duk mai shafin kasuwanci ya san maɓallin nan shuɗi da ke ƙasan saƙonsa, mai kiransa ya biya a yaɗa masa. In ka danna, sai a tambaye ka gari, ka sa Kano da kewayenta; a tambaye ka jinsi da shekaru, ka sa mata daga 18 zuwa 45; sannan ka sa abin da za ka iya biya a rana. Kana canja kowane ɗaya, wata lamba tana hawa tana sauka, tana ce maka ga yawan waɗanda za ka iya samu. Wanda bai bi ta wannan ƙofa ba, ta ɗayar yake bi: ya nemi wata jarumar fim ko wani mai barkwanci a TikTok, ya biya a ɗora masa kaya. A nan ma a kan lamba ake ciniki. “Hajiya, mabiyana dubu 500 ne, kin ga ai ba za a haɗa kuɗina da na mai dubu 50 ba.” Hajiyar, wadda wataƙila a ɗakinta take haɗa humra da turaren wuta tana aikawa ta tasha, sai ta yi lissafi a zuci: ko mutum ɗaya cikin dubu ne ya saya, ai ta sayar da kwalba 500. Ta tura kuɗin da ta ɗauka a adashi. Bayan kwana uku kira huɗu ko biyar ta samu, biyu daga ciki nawa ne kawai suka tambaya suka kashe waya.

Ba lalle ne da gangan aka cuce ta ba. Sau da yawa shi kansa mai shafin bai san bambancin mabiya da masu gani ba, kuma ya yarda da lambarsa kamar yadda ta yarda. Abin da ke damuna shi ne, kullum mai ƙaramin jari ne ke ɗaukar asarar wannan rashin sani. Manyan kamfanonin sadarwa da na lemo suna da ma'aikata da aikinsu ke nan, tantance alƙaluma. Mai humra ba ta da kowa.

Lambobin da ake cakuɗawa

Ɗauki mai maganin gargajiya da ya kafa lasifika a bakin kasuwa ranar da take ci. Duk wanda ya shigo kasuwar nan yau zai iya jin muryarsa, kuma wannan shi ne ƙiyasin da kamfanoni ke nuna wa mai talla kafin ya biya. Amma waɗanda muryar ta shiga kunnensu da gaske su ne waɗanda suka bi ta layinsa, kuma su ne adadin da saƙo ya isa gare su. In wani ya wuce ta gabansa sau uku, mutum ɗaya ne, amma ji uku ne. Wannan ita ce lambar bayyana, wato sau nawa saƙo ya fito a fuskar waya, kuma kusan kullum ta fi adadin mutane yawa. Sai waɗanda suka tsaya suka tambaya ko suka taɓa kwalba, su ne masu danna so, masu tsokaci, masu turawa gaba. Mabiya kuwa su ne duk wanda ya taɓa ce wa mai maganin zai riƙa leƙowa, ko da tun bara bai sake taka kasuwar ba. Lambobi biyar ke nan, kowace da ma'anarta, kuma mai sayar da talla ya san wadda ta fi girma ita ce ta fi daɗin faɗi.

Tazarar da ke tsakanin mabiya da masu gani ba sabuwa ba ce. Tun a 2012 Facebook da bakinsa ya ce saƙon shafi kan isa ga kimanin kashi 16 cikin 100 na mabiyansa in ba a biya ba. A 2013 ya yi bayanin dalili: duk lokacin da mutum ya buɗe manhajar akwai saƙonni kusan 1,500 da ke jiran a nuna masa, tsarin lissafin kamfanin kuma kan fifita wajen 300. A Fabrairun 2014 sashen nazari na kamfanin talla na Ogilvy ya auna ya ga adadin ya sauko zuwa kashi 6, ga manyan shafuka masu mabiya sama da dubu 500 kuwa kusan kashi 2. A Janairun 2018 shugaban Facebook Mark Zuckerberg ya sanar cewa za a ƙara fifita saƙonnin dangi da abokai a kan na kamfanoni da gidajen jaridu. Wato shafi mai mabiya miliyan ɗaya yana iya yin magana, dubu 20 kawai su ji.

Zuwan TikTok ya ƙara dagula lissafin, amma ta wata fuska daban. Kamfanin ya bayyana a Yunin 2020 cewa yawan mabiya ba ya cikin abubuwan da tsarinsa ke dubawa kai tsaye wajen zaɓar bidiyon da zai tura wa mutane. Bidiyo ake gwadawa a kan 'yan kallo kaɗan, in sun tsaya sun kalla har ƙarshe a ƙara tura shi gaba, in sun tsallake ya mutu a nan. Shi ya sa yarinya mai mabiya 300 kan wayi gari bidiyonta ya yi tashe, mai mabiya miliyan kuma ya ɗora nasa a yi shiru. Meta, uwar Facebook da Instagram, ta bi sahu. A Yulin 2022 Zuckerberg ya ce kimanin kashi 15 na abin da mutum ke gani a Facebook daga shafukan da bai bi ba yake zuwa, kuma suna sa ran adadin ya ninka kafin ƙarshen 2023. Yau yawan mabiya ba ya gaya maka mafi yawan da za ka samu, ba ya gaya maka mafi ƙaranci.

Sannan akwai mabiyan da ba su taɓa numfashi ba. A Janairun 2018 jaridar New York Times ta fallasa wani kamfani mai suna Devumi da ke da akawun na bogi aƙalla miliyan 3.5, yana sayar da su ana maimaitawa har ya sayar da mabiya sama da miliyan 200 ga 'yan wasa da 'yan siyasa da 'yan kasuwa. A Yulin 2018 Twitter ya share akawun ɗin da yake zargi daga lissafin mabiya, mawaƙiya Katy Perry da tsohon shugaba Barack Obama kowannensu ya rasa sama da miliyan 2 cikin 'yan kwanaki. Shi ma Facebook, a rahoton da ya miƙa wa hukumar kula da hannun jari ta Amurka kan shekarar 2020, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 11 na masu amfani da shi a wata akawun ne na biyu ko na uku na mutum guda, kusan kashi 5 kuma na bogi ne. Taron tsintsiya ba shara ke nan.

Ƙara a gaban kotu

A watan Agustan 2018 wata ƙaramar 'yar kasuwa daga jihar Kansas, mai sayar da kayan sawa masu ƙamshi, ta kai Facebook ƙara a wata kotun tarayya a Kalifoniya. Daga baya wasu ƙananan 'yan kasuwa suka karɓi jagorancin ƙarar, wadda aka fi sani da sunan ɗaya daga cikinsu, DZ Reserve. Zarginsu shi ne an kumbura ƙiyasin masu gani da kashi 200 zuwa 400, kuma manyan kamfanin sun san da haka. A Fabrairun 2021 aka buɗe wasu takardun cikin gida da aka gabatar wa kotu. A ciki, kamar yadda masu ƙara suka bayyana, jami'in da ke kula da wannan ma'auni ya ba da shawarar a gyara shi, manya suka ƙi saboda zai taɓa kuɗin shiga, shi kuma ya mayar da martani cewa kuɗi ne da tun farko bai kamata a samu ba tunda a kan alƙaluma marasa inganci aka gina su.

Kariyar da kamfanin ya riƙe ita ce, ba a kan ƙiyasin ake cajin mai talla ba. Ana cajinsa ne a kan sau nawa tallan ya bayyana ko aka danna shi, ƙiyasin kuwa kayan tsara shiri ne da ake bayarwa kyauta. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗe shi. Amma ban ga ya wanke komai ba. Ƙiyasin ne ke sa ɗan kasuwa ya yanke shawarar kai kuɗinsa Facebook maimakon gidan rediyo, shi ne ke sa ya ware dubu 100 maimakon dubu 20. Lambar da ta jawo ka cikin shago tana da hannu a cinikin ko da ba ita ce a jikin rasit ba. Alƙali James Donato ya amince a Maris 2022 a saurari ƙarar a madadin dukkan masu tallan Amurka da abin ya shafa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a Maris 2024, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙorafin Meta a Janairun 2025. Masu ƙara suna maganar diyyar da za ta haura dala biliyan 7.

A tsakanin nan kamfanin ya yi ta gyara a hankali. A Maris 2019 ya koma ƙirga waɗanda aka nuna wa talla cikin kwana 30 da suka wuce kawai. A 2021 ya daina ba da lamba ɗaya tilo, ya koma cewa daga kaza zuwa kaza. A 2023 kuma ya sauya bayanin ma'aunin isa daga mutane zuwa akawun.

Siyasa da lissafin tarawa

Inda aka fi wasa da lamba shi ne wajen maudu'in da aka sa a gaba don ya yi tashe. Manhajojin da ke auna irin wannan sukan yi lissafi mai sauƙi: a ɗauki kowane wanda ya yi rubutu a kan maudu'in, a tara mabiyansa, a ninka da sau nawa ya rubuta. A ce samari 50 aka ba wa kuɗin data, kowane yana da mabiya dubu 20, kowane ya yi rubutu sau 10. Lissafin zai ba da miliyan 10. Washegari a kai wa mai gida takarda a ce saƙonsa ya kai ga mutum miliyan 10. Alhali samarin nan junansu suke bi, mabiyansu kusan mutane ɗaya ne, kuma mafi yawan mabiyan ba su ma buɗe waya a wannan sa'a ba. Binciken da BBC ta fitar a Janairun 2023, gab da babban zaɓen Najeriya, ya ruwaito cewa jam'iyyu na biyan masu tasiri a ɓoye, wani lokaci har naira miliyan 20, wasu kuma a saka musu da kwangila ko muƙami. Sojojin baka sun tashi daga rediyo sun koma waya, kuma da irin waɗannan lambobi suke nuna sun yi aiki.

Ko manyan ƙasashe ba su tsira daga ruɗin ba. A ƙarshen Oktoban 2017 Facebook ya shaida wa majalisar dokokin Amurka cewa saƙonni kusan dubu 80 da wata cibiyar Rasha ta wallafa tsakanin 2015 da 2017 mai yiwuwa sun kai ga Amurkawa miliyan 126. Lambar ta zagaya duniya. Abin da bai zagaya ba shi ne ƙarin bayanin kamfanin, cewa wannan bai wuce saƙo ɗaya cikin kowane dubu 23 da mutane suka gani ba. A Janairun 2023 masu bincike na Jami'ar New York suka wallafa nazari a mujallar Nature Communications kan irin wannan farfaganda a Twitter lokacin zaɓen 2016. Sun gano kashi 1 na masu amfani da dandalin ne suka kwashe kashi 70 na ganin saƙonnin, galibinsu kuma waɗanda dama sun riga sun zaɓi ɓangare. Babbar lamba takan ɓoye cewa mutane kaɗan ne suka sha abin har ya ishe su, sauran kuwa giftawa kawai ya yi.

Lambar kallo ma haka take, domin kowane dandali da abin da yake kira kallo. A TikTok da zarar bidiyo ya fara motsi an ƙirga. Facebook ya daɗe yana ƙirgawa daga daƙiƙa 3. YouTube shi ma daga ƙarshen Maris 2025 ya koma ƙirga gajerun bidiyonsa tun daga farawa, har da maimaici. A Agustan 2023 hirar ɗan jarida Tucker Carlson da Donald Trump a dandalin X (wato Twitter a da) ta nuna kallo sama da miliyan 200, amma wannan lamba tana ƙirga duk wanda saƙon ya gifta ta fuskar wayarsa ne. Shafin labarai na Mashable ya ruwaito cewa waɗanda bidiyon ya kunnu musu na aƙalla daƙiƙa 2 ba su kai miliyan 15 ba. A 2016 kuma Facebook ya amsa cewa ya shafe kusan shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin kallon bidiyo, saboda yana cire waɗanda ba su kai daƙiƙa 3 ba daga lissafin rabawa. Ya biya dala miliyan 40 a 2019 aka rufe maganar.

Mu da me za mu auna?

Wieser ya kama giɓin ne saboda yana da ƙidayar da zai aza kusa da lambar Facebook. Najeriya rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Duk wanda ya ce maka ga yawan mata 'yan shekara 18 zuwa 45 a Kano, hasashe yake yi a kan ƙidayar 2006. Alƙaluman layukan waya ma sun nuna mana illar ƙirga kati a matsayin mutum: hukumar sadarwa ta NCC ta ba da layuka masu aiki sama da miliyan 219 a Maris 2024, zuwa Satumba, bayan haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa da kuma tantance bayanan kamfanoni, suka koma kusan miliyan 155. Ba mutane ne suka ɓace ba, lissafi ne aka tsabtace.

Hatta lambar da 'yan jarida da masu neman tallafi ke yawan ambata tana da wannan rauni. Rahoton DataReportal na Janairun 2024 ya ce Najeriya na da masu amfani da intanet miliyan 103 da masu shafukan sada zumunta miliyan 36.75. Wannan lamba ta biyu daga kayan tsara talla na kamfanonin aka samo ta, kuma masu rahoton suna gargaɗi da kansu cewa ba lalle ta zama adadin mutane ba. Wato mai sayar da kayan shi ne mai riƙe da mudu. Wurin zama ma ba tabbas: lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, 'yan Najeriya suka koma shiga ta manhajojin ɓoye wuri, sai ga maganganun Najeriya suna tashe a jerin ƙasashen Turai da Amurka.

Kuskuren yana da fuska biyu

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce kullum a rage lamba kawai. Ba haka ba ne. A 2013 Michael Bernstein na Jami'ar Stanford da wasu masu bincike na Facebook suka duba bayanan mutum dubu 222, suka kuma tambayi wasu su yi ƙiyasin nawa ne suka ga saƙonsu. Mutane suka riƙa faɗin kimanin kashi 27 kawai na ainihin adadin. Saƙon mutum ɗaya kan kai ga kusan kashi 35 na abokansa, cikin wata guda kuma kashi 61 sun ga wani abu nasa. Binciken ya kuma nuna cewa yawan danna so da tsokaci ba ma'auni ne mai kyau na yawan masu gani ba. Masu gani su yi shiru sun fi yawa nesa ba kusa ba. Wannan ya shafi duk mai rubuta abu cikin fushi yana zaton abokai biyar ne za su karanta.

A ƙasar Hausa kuwa akwai hanyoyin da saƙo ke bi waɗanda babu ma'aunin kamfani da ke hango su. Babbarsu WhatsApp. Tun 2016 saƙonninsa a rufe suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, don haka ba mai iya ce maka muryar wani malami ko wata sanarwar rigakafi ta shiga zauruka nawa. Shi kansa kamfanin, da ya so rage yaɗuwar ƙarya, ƙofa ya ƙuntata: turawa zuwa wuri biyar kawai daga Janairun 2019, wuri ɗaya kuma ga saƙon da ya sha yawo daga Afrilun 2020. Sai masu turi a bakin kasuwa da tasha, waɗanda ke sauke shiri irin Izzar So ko Labarina sau ɗaya su loda wa mutane da yawa a katin waya. YouTube kallo ɗaya ya sani, in ma ya sani. Sai Xender da Bulutut tsakanin abokai. Sai teburin mai shayi da dare, inda waya ɗaya ke jingine da gwangwanin madara, kawuna shida sun sunkuya a kanta. Sai tsakar gida, inda wayar maigida ke zagaya mata da yara bayan isha'i, ita kuwa manhaja tana rubuta namiji ɗaya ɗan shekara 45. Ba yau aka fara ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka soma bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam na edita, kwafi ɗaya ake saye, mai karatu ɗaya ya karanta wa majalisa guda. Wanda ya ƙirga kwafi a lokacin ya raina jaridar, wanda ke ƙirga kallo yau yana raina saƙon Hausa.

To yaya za a yi ƙiyasin da za a iya dogara da shi?

A fara daga tarihin shafin, a bar yawan mabiya gefe. Kowane shafin kasuwanci a Instagram da Facebook da TikTok yana da sashen alƙaluma da mai shi kaɗai ke gani, inda ake nuna kowane saƙo akawun nawa ya isa, daga waɗanne garuruwa, maza nawa mata nawa. Mai biyan kuɗi yana da haƙƙin ya ce a nuna masa. Hoton fuskar waya ana iya gyara shi, don haka ya fi kyau a zauna tare a buɗe, ko a ɗauko bidiyon yadda ake buɗewar. A duba saƙo 20 na ƙarshe, musamman waɗanda talla ne, domin wanda ke kwashe jama'a da barkwanci ba lalle su tsaya masa ba ranar da ya ɗaga kwalbar turare.

Ga misali na lissafi kawai. A ce shafi yana da mabiya dubu 300. Saƙonni 19 daga cikin 20 kowane ya isa ga wajen dubu 12, ɗaya ya yi tashe ya kai dubu 400. In aka tara aka raba, za a samu dubu 31 da ɗari huɗu, kuma wannan ce lambar da mai shafi zai so ya faɗa. Amma in aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, dubu 12 ne, kuma shi ne abin da ya fi yiwuwa gobe. Sai a tace: in kashi 30 ne ke garin da za ka iya kai kaya, saura 3,600. In rabinsu ne mata, kayan kuma na mata ne, saura 1,800. Wanda ya biya naira dubu 50 yana zaton kwabo 17 ya kashe a kan kowane mutum, ashe kusan naira 28 ya kashe a kan kowace mace da ke iya saya. Mai yiwuwa har yanzu cinikin ya yi kyau. Amma yanzu da ido buɗe aka yi shi, kuma ana iya kwatanta shi da kuɗin sanarwa a gidan rediyo.

In shafi biyu ko uku za a biya, kada a tara lambobinsu kai tsaye. Masu bin wannan jarumin Kannywood su ne dai masu bin wancan, don haka abin da ake saye galibi maimaici ne a idon mutane ɗaya. Maimaici yana da amfaninsa a talla, amma a san shi ake saye. Kuma duk ƙiyasin da aka zo da shi lamba ɗaya cak, a yi masa kallon tuhuma. Na gaskiya daga kaza zuwa kaza yake zuwa, da tazara mai faɗi. Bayan an saki tallan, ma'aunin da ya fi kowane aminci yana hannun mai kaya: littafi da biro. Duk wanda ya kira a tambaye shi a ina ya ga tallan, a rubuta. Ko a ce wanda ya ambaci sunan mai shafin za a rage masa wani abu. Wannan ƙirga ce kaɗai ke kama wadda ta gani a wayar mijinta da wadda ƙawarta ta turo mata a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu.

Ƙarar da ke gaban kotun Kalifoniya masu tallan Amurka kaɗai ta ƙunsa. Ko nawa aka yanke, mai sayar da leshi a Kantin Kwari ko mai kilishi a Maraɗi ba su da kaso a ciki, ko da yake ma'auni ɗaya aka nuna musu. A Amurka hukumar kare masu saye ta FTC ta kafa doka a 2024 da ta haramta saye da sayar da mabiya da kallo na bogi don kasuwanci. A Najeriya hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, tana buƙatar a kai mata talla ta tantance kafin a sake shi, har da wanda masu tasiri ke ɗorawa a shafukansu. Tunda ta riga ta sa hannu a abin da tallan ke faɗa wa mai saye, ina ganin ya dace ita da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC su duba abin da mai shafi ke faɗa wa mai biyan kuɗin tallan. Sharaɗi ɗaya zai rage ɓarna mai yawa: duk wanda zai karɓi kuɗin talla ya nuna alƙaluman isa na saƙonninsa na baya kafin a biya, ya kuma miƙa na tallan da aka biya cikin mako guda bayan ya ɗora shi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kwari da Sabon Gari da Singa ba sai sun jira Abuja ba, suna iya sa wannan sharaɗi ga mambobinsu tun yanzu.